Hajara Tana Ji

A shekarar da aka sauya wa motoci hannun tafiya daga hagu zuwa dama ne Hajara, matar Balarabe mai sayar da yadi a babbar kasuwa, ta tashi daga gidansu na Badarawa ta je barka a Kawo. Da za ta tsallaka titi ta duba ɓangaren da ta saba dubawa, wata akori-kura ta taho ta ɗaya ɓangaren ta kwashe ta. Allah ya sa ranar ba ta goyo 'yarta Hasana ba. Gefen kanta na hagu ne ya bugu da kwalta.

Ta daɗe a asibiti. Ranar da za a sallame ta, likita ya kira Balarabe, ya ja masa kujera.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Matarka da hankalinta. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da magana ke fitowa, to nan ne ya ji ciwo. Duk abin da aka faɗa mata tana ji, tana ganewa. Ta san abin da take so ta ce, fito da shi ne ya gagara. Hannunta da ƙafarta na dama ma daga nan matsalarsu take."

"To likita, ba allura? Ba ƙwaya?"

"Babu wata ƙwaya da ke dawo da magana. Ku riƙa yi mata hira a hankali, ku jira ta, kada a tsawata mata. Ka dawo mana da ita wata mai zuwa."

Balarabe ya yi godiya. Da suka iso gida, yayarsa Indo, wadda ta zo daga Zariya don ta riƙe gidan, ta tare shi a tsakar gida tana tambayar me aka ce. Ya zare hularsa ya share gumi.

"Yaya, sun ce ba su da magani."

Iyakar abin da ya iso Badarawa ke nan daga maganar likita.

Matan unguwa suka cika ɗaki 'yan sannu. Hajara ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, duk ta gane su. Ga Uwani maƙwabciyarta da suke adashi tare, ga matar liman. Uwani ta ce, "Sannu Hajara, ya jikin?" Hajara ta buɗe baki za ta ce da sauƙi, ta kuma tambayi ɗan Uwani da ta bari yana ƙyanda. Abin da ya fito shi ne, "To."

"Kin gane ni kuwa?"

"To. To, to."

Ta ji da kunnenta abin da bakinta ya faɗa, ta sake gwadawa, ya sake fitowa haka. Sai hawaye. Matan suka kalli juna, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna Allah ya sawwaƙe.

Kwanakin farko Indo ta yi ƙoƙari irin nata. Sai dai mace ce mai sauri, ba ta iya jira. Hajara za ta nuna randa, a kawo mata kunu. Ta girgiza kai, a kawo mata buta. Indo ta kama ƙugu.

"Ke Hajara, ba ni da lokacin wasan kurame. Buɗe baki ki faɗi abin da kike so."

Wata rana da azahar Indo na wucewa ta ƙofar ɗaki ta ji murya. Ta tsaya. Hajara ce zaune kan tabarma tana salla, tana karanta Fatiha tiryan-tiryan, ba gargada, har amin. Indo ta jira Balarabe ya dawo kasuwa, ko ruwa bai sha ba ta ja shi ɗakin.

"Da kunnena na ji. Wadda ta karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, ita ce ba ta iya cewa ruwa? Ko dai raini ne, ko kuma akwai wani a jikinta."

Ba wanda ya gaya musu cewa abin da harshe ya haddace tun yarinta, kamar karatu da waƙa, yakan tsira ko da maganar yau da kullum ta tafi. Likita ne zai gaya musu, kuma wata ya zagayo har ya wuce ba a koma wurinsa ba.

Balarabe ya tsuguna gabanta, ya ɗaga moɗa.

"Mene ne wannan a ciki? Ce ruwa."

Leɓunanta suka motsa. Ta san kalmar, tana jin ta kusa, kamar abin da ya faɗa bayan gado hannu bai kai ba.

"Ce ruwa mana!"

Jijiyoyin wuyanta suka tashi, gumi ya keto mata. Ta matsa, ta matsa, sai wani ashar ya kuɓuce daga bakinta, irin wanda ko a faɗan 'yan tasha sai an kai maƙura ake yin sa. Ta yi sauri ta toshe bakin da hannun hagu, idanunta a waje. Tun da Balarabe ya aure ta bai taɓa jin ta zagi ko akuya ba.

Indo ta ja da baya tana salati. "Ka ji ko? Wallahi ba ita ke magana ba."

Aka kawo wani mai magani da ake yabo a wajen masu iska. Ya sa aka lulluɓe ta da bargo, ya tura kaskon garwashi ciki, ya zuba barkono da wasu saiwoyi. Hajara ta yi ta tari tana fizge-fizge, Indo da Balarabe suna danne da ita. Mutumin ya zaro tsumagiya ya shiga tsula mata a baya.

"Kai wane ne? Za ka fita ko ba za ka fita ba?"

"To! To!"

"Kun ji, ya amsa. Zai fita, amma mai taurin kai ne. Sai na dawo."

Ya dawo, ya sake dawowa. A zuwansa na ƙarshe, tana ganin an shigo da kaskon ta kai masa shuri da ƙafarta mai lafiya. Garwashi ya watse, tabarma ta kama, gefen labule ya ci wuta kafin a kashe. Ranar Indo ta ce ba za a kwana da mai tayar da gobara a ɗaki ba. Aka share ɗan ɗakin da ke bayan madafa, inda ake ajiye gawayi da tsofaffin buhuna, aka shimfiɗa mata tabarma. Balarabe ya kira kafinta ya sa sakata ta waje.

"Don lafiyarta ne," in ji shi ga Uwani da ta leƙo ta katanga. "Kar ta ƙona kanta."

Daga ɗakin gawayi ana jin duk abin da ake yi a tsakar gida. Tun daga nan aka daina sassauta murya in ana maganarta. A bakin ƙofarta Indo ke tsince shinkafa tana ba baƙi labarin yadda ciwon ya ci ƙarfinta. A nan kuma aka yi shawarar Hasana.

Yarinyar ba ta isa yaye ba. Ko a asibiti ana kai ta ta sha, bayan an dawo gida ma ana miƙa wa uwar ita safe da yamma. Lokacin kaɗai Hajara ke samun natsuwa. Takan rungume ta da hannu ɗaya, ta yi mata 'yar waƙar reno, waƙar kuwa tana fita daidai.

"Nonon mai iska ba abin wasa ba ne," in ji Indo. "So kake yarinya ta tsotsa? A yaye ta yau."

Balarabe ya ce, "A dai tambaye ta, kar a ce an yi mata ƙarfa-ƙarfa."

Ya zare sakata ya tsaya daga bakin ƙofa. "Hajara, za a cire Hasana daga nono. Kin yarda?"

Ta girgiza kai da ƙarfi har ɗankwalinta ya zame. Ta miƙa hannu wajen tsakar gida inda yarinyar ke rarrafe. Bakinta ya ce, "To."

Balarabe ya ga kan da ke girgiza, ya ga hannun. Ya juya ya ce, "Yaya, ta ce to."

Kwana da kwanaki Hasana na tsala kuka a ɗakin Indo, uwarta na jin ta ta bango. Nono ya cika ya yi tauri, ya jiƙa mata riga, zazzaɓi ya rufe ta. Ta yi ta dukan ƙofa da tafin hannu har ya kumbura. Indo ta ce wa masu wucewa abin ne ya motsa.

Babbar 'yarta Maimuna tana aji uku a firamare. Da farko in ta dawo makaranta takan faki idon gwaggonta ta zare sakatar ta shiga. Ta zauna ta ba uwar labarin makaranta, wa aka doka, wa ya zo na ɗaya. Hajara na murmushi da rabin fuska, tana warware mata kitso da hannun hagu. Da aka zo labarin wata malama da takalminta ya tsinke a gaban aji, Hajara ta yi dariya daidai inda ya kamata a yi. Yarinyar ta lura.

"Gwaggo, Inna fa tana gane magana."

Indo ta finciko ta, ta zuba mata ranƙwashi.

"Wa ya ce ki shiga? Wadda ta nemi ƙona gida? Ba ta san ki ba, ba ta san kowa ba. Ranar da ta shaƙe ki za ki gane. In na sake ganin ki a ƙofar nan sai na karya ki."

Da Balarabe ya dawo ya ƙara mata da nasa faɗan. Yarinyar ta koma wucewa ta nesa da ƙofar. Daga baya ta koma wucewa da gudu.

Hajara na da wa, Isma'ila, manomi a Rigachikun. Ya aiko cewa zai zo duba ta ranar Juma'a. Da safiyar ranar Indo ta fito da ita ta yi mata wanka, ta shafe ta da mai, Balarabe ya kawo sabon zane daga shago. Aka zaunar da ita a tsohon ɗakinta, kan gadonta, aka kunna turare.

Isma'ila ya jingine kekensa a zaure, ya sauke damin rake da ya kawo wa yara. Da ya ga ƙanwarsa sai ya kasa zama daidai.

"Hajara, haka kika rame?"

"Ba ta son abinci," in ji Indo. "Sai mun yi da gaske."

Ya matso kusa. "Ana dai kula da ke ko?"

Ta kafe shi da ido.

"To."

"Alhamdu lillahi," in ji Balarabe.

Da Isma'ila ya miƙe zai tafi, ta cafke hannun rigarsa. Ya ja a hankali, ta ƙi saki. Tana nuna ƙofa da haɓa, tana nuna bayan madafa, hawaye na zuba.

"Haka take yi wa kowa," Balarabe ya ce, yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Kar ka damu, Malam Isma'ila. In ka tafi za ta manta ka zo."

Isma'ila ya fita yana share ido, yana yi wa surukinsa godiya. Bai kai bakin titi ba aka kwance mata sabon zanen aka mayar da ita ɗakin gawayi.

Damina ta sauka. Kwanon ɗakin na yoyo, tabarma ba ta bushewa. Tari ya kama ta. Hannun dama da ba a motsa shi ya ƙanƙance ya lanƙwashe a ƙirji. Abinci sai an tuna, a turo kwano ta ƙasan ƙofa. Ta daina dukan ƙofa, ta daina waƙar. Salla ce kawai ba ta bari ba, tana taimama da bango in ba a kawo ruwa ba.

Uwani ta taɓa tare Balarabe a ƙofar gida ta ce, "Malam, da an sake gwada asibitin nan."

"Wa zai tsare mini shago? Kuma su da bakinsu suka ce ba magani. Ni kaɗai na san abin da nake gani a gidan nan. Wani ne da tuni ya sallame ta."

A majalisar ƙofar masallaci kuwa, in ana misalin mai haƙuri da jarrabawa, sunansa ake fara kamawa.

Da tarin ya yi tsanani har ana jin sa daga waje, Indo ta ce masa, "In ta mutu a ɗakin nan, bakin mutane ba zai bar ka ba. Mai da ta hannun danginta." Ya ɗauki shatar tasi ya kai ta Rigachikun. A zauren Isma'ila ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya sawwaƙe mata, yara kuma suna wurinsa. Tana zaune a gefe a ƙasa lokacin da ya faɗa.

Halima matar Isma'ila ce ta tuɓe ta za ta yi mata wanka. Da ta ga bayanta sai ta saki soso ta ƙwala wa mijinta kira. Ya zo ya ga sawun tsumagiya, wani kan wani, ya juya ya fita.

Halima ba ta san komai game da ƙwaƙwalwa ba. Mace ce dai mai surutu, ba ta iya aiki shiru. Ta shimfiɗa wa Hajara tabarma a inuwar ɗorawa kusa da turmi, tana daka tana zuba. In ta yi tambaya takan tsaya ta jira amsa, don haka ta saba yi da kowa. Da ta ga baki na cewa to kai na girgiza, sai ta bi kan. In tana waƙar daka Hajara na kama mata amshi. Tarin ya lafa da magani daga ɗakin shan magani na garin. Wajen kaka, wata rana Halima ta ɗago moɗa, Hajara ta dube ta ta ce, "Ru... ruwa." Halima ta saki guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Kalmomi suka riƙa dawowa ɗaiɗai, da ƙyar, wasu a karkace. Ba su dawo duka ba. Wata yamma Isma'ila ya dawo gona yana wanke ƙafa, ta kira shi.

"Yaya."

Ya matso ya tsuguna.

"Ranar... kai... zo. Zane... sabo." Ta tsaya ta huta. "Kai tafi... cire. Ɗaki... gawayi. Sakata."

Ya daɗe yana kallon ta kafin maganar ta zauna masa.

"Hajara, ranar da kika riƙe mini riga?"

Ta gyaɗa kai.

"Duk abin da ake faɗa, kina ji?"

"Duk."

Babban mutum ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Abu ɗaya ta nema bayan haka, a kai ta ta ga 'ya'yanta. Ta yi makonni tana shiri. Ta zauna bayan ɗaki tana maimaita jimla ɗaya, Halima na gyara mata. Ta ƙulla ƙuli-ƙuli da ta murza da hannun hagu, duk sun fito a karkace. Isma'ila ya sa ta a motar haya suka sauka Kawo, suka ƙarasa Badarawa a hankali, tana jan ƙafa.

Indo ta karɓe su a tsakar gida, ba ta ce su shiga ɗaki ba. Hasana ta yi wayo, tana gudu ko'ina. Ta kalli baƙuwar, ta ruga ta rungume ƙafar Indo tana cewa, "Inna, ɗauke ni." Maimuna ta fito daga madafa da tsintsiya a hannu, ta ƙara tsawo. Tana ganin wadda ke tsaye ta ja baya ta laɓe a bayan gwaggonta.

Ita ce 'yar fari, Hajara ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Ranar ta kira.

"Mai... muna."

Ta ja numfashi, ta ci gaba.

"Ni... ba... mahaukaciya... ba ce."

Ta kai ƙarshen jimlar ba ta yi tuntuɓe ba. Ta miƙa ƙullin.

Yarinyar ta kalli ƙullin, ta kalli hannun da ya lanƙwashe, ta kalli ƙasa.

"Baba ya ce in kin yi mana magana kar mu amsa."

Indo ta ce yara ba sa cin abin waje, ta gode.

Balarabe ya dawo ya same su a zaure za su fita. Isma'ila ya fara magana, Balarabe ya tare shi da fara'a, yana kallon sa ta saman kan Hajara.

"Ikon Allah! An ce har magana take yi? Ka ga amfanin abin da muka yi ta yi mata ke nan. Ba ƙaramar wahala muka sha ba, ni da Yaya. Yara kuma a bar su tukuna, kar a ruɗa su. Ka san yanzu suka samu natsuwa."

Ba wanda ya kai Balarabe ƙara, ba wanda ya daina sayen yadinsa. Bai taɓa ganin ya yi laifi ba, Indo ma haka. Sun ce ciwo ne daga Allah, kuma gaskiya ne, motar da ta buge ta ba su suka aiko ta ba. Amma mota magana kawai ta ɗauke mata. Ɗakinta da 'ya'yanta da mutuncinta, mutanen gidan ne suka karɓe su ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, suna tambayar ta ko ta yarda. An gaya wa mijinta gaskiya tun ranar farko, a zaune kan kujera, cikin Hausar da yake ji. Jira ne ya yi masa tsada. Irin Hajara suna nan a bayan madafai da yawa a garin nan, waɗanda faɗuwa ko hawan jini ya taɓa wa wuri ɗaya a kai, ana zaune a ƙofarsu ana ba da labarin haukarsu suna saurare.

Sun isa Rigachikun kafin la'asar. Halima ta taro su da gudu, ta ga ƙullin yana nan a hannun Hajara yadda ya tafi.

"Kin gan su?"

"Na gan su," in ji Hajara. "Sun... girma."

Ta miƙa wa 'ya'yan Halima ƙuli-ƙulin, ta wuce inuwar ɗorawa ta zauna. Kalmomin da aka sha wahala aka dawo mata da su suna nan a bakinta, ba su sake ɓacewa ba. Sai dai daga ranar ba ta cika amfani da su ba.